Hoton da ke Ƙasan Kwallar Inna

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raba kalanda a garinmu ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na sauka a Tofa na hau acaɓa zuwa ƙauye, sai na ja hula ta rufe min goshi.

Kakana, wanda kowa ke kira Baba Soja, manomi ne ɗan manomi. Mahaifinsa ya taso daga wajen Kunci da jaki ɗaya da fartanya biyu, ya haƙa rijiyar da har yau muke sha. Shi kuma Baba yana saurayi ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, da aka gama ya dawo ya ɗauki fartanyar ubansa, bai sake ajiyewa ba. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani ya nufi dam ɗin Watari noman albasa. Zancen yaƙi kuwa ba ya yi. In ka matsa masa sai ya ce, "An je, an dawo."

Duk shekara, kwana uku bayan Babbar Sallah, danginmu suna taron zumunci. A shekarar nan aka ce a karrama Baba tun yana da rai, a karanta tarihinsa. Wa za a ba aikin? Ni mana. Ni ne mai digiri a fannin tarihi, ni ke koyar da shi a wata sakandare a Kano. Na karɓa da rawar jiki, don na daɗe ina neman ranar da zan nuna wa tsohon nan cewa boko ma aiki ne. (Kullum muka gaisa sai ya juya tafin hannuna ya ce ya fi na amarya laushi.)

Na je da littafi da biro, na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na yi tambaya ta farko, ya ce an je, an dawo. Na yi ta biyu, ya ce in miƙo masa kaba. Minti goma na yi na tashi, na ce a raina masanin gaske ba ya dogara da baki, hujja yake nema. Sai na faɗa ɗakin kakata Inna, tana can bayan gida tana sheƙa, na shiga buɗe mata kwalla ɗaya bayan ɗaya kamar ɓarawon nama.

A ƙasan babbar kwallar na ci karo da wani tsohon ɗankwali a ƙulle. Na kwance, sai ga hoto. Soja ne dogo, bindiga a kafaɗa, hula a karkace, ga hanci har baka. Nan take na ɗauke shi a wayata. Ina cikin kallo Inna ta shigo.

"Kai, wa ya aike ka nan?"

"Inna, ashe haka Baba yake da kyau kika ɓoye mana?"

Ba ta ce komai ba. Ta sunkuyar da kai, ta zare hoton daga hannuna, ta mayar da shi cikin ɗankwalin. Ni kuwa masani na gama fassara: kunya ce. Ai matar da tun da nake ban taɓa jin ta kama sunan mijinta ba, sai dai "Malam" ko "shi", ina za ta tsaya yabon kyansa a gaban jika?

Za ku ce ban lura Baba gajere ne ba, mai faffaɗan hanci? Na lura. Amma na ce wa kaina shekara hamsin a sunkuye a gona tana rage tsawo, hanci kuma shi ma yana tsufa. Na garzaya Kano wurin masu ɗab'i, aka buga min kalanda tuli da wani ƙaton ƙyalle, aka rubuta a ƙasan hoton da manyan baƙaƙe: GWARZON ZURI'ARMU. A makaranta babu malamin da ban tare da wayata ba ina cewa, "Dubi hancin nan, nawa ne sak." Ban nuna wa kowa a gida ba, wai ina so in ba su mamaki. To, na ba su.

Ranar taro aka kafa rumfa a ƙofar gida, maza a kujerun roba, mata a tabarmi daga gefe. Na fito cikin shadda ta sha sitati, na karɓi lasifika. Duk gurbin da "an je, an dawo" ya bar min, na cike shi daga kaina. Na ce Baba ya tsallake kogi da bindiga a ka. Na ce tabon da ke ƙwaurinsa harsashi ne. Baba yana zaune yana taunar goro, yana gyaɗa kai kamar mai jin labarin wani a rediyo. Ina magana 'yan'uwa suna bi layi-layi suna raba kalanda a nannaɗe.

Sai na ɗaga murya na ce a buɗe hoto. Aka saki ƙyallen daga saman rumfa.

Matasa suka ɗau tafi. Tsofaffi ko motsi ba su yi ba. Na hango Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Baffa Sale, ƙanin mahaifina, ya jawo gefen rigata ya ce a hankali, "Kai, a ina ka samo wannan?" Ni kuma, Allah ya yafe min, sai na amsa masa a cikin lasifika: "Bincike, Baffa, bincike!"

Baba ya dogara sandarsa ya tashi. Ya taka har gaban hoton, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo hannu na ba shi lasifikar, ina jiran ya sa min albarka.

"Wannan Ɗanlami ne," in ji shi. "Allah ya jiƙansa. Tare muka tafi. Shi ya fara auren kakarku, watansu biyu da aure aka kwashe mu. Bai dawo ba. Hoton nan ni ya ba wa ya ce in kawo mata, na kawo. Ta yi takaba, aka shekara biyu, sannan na nema aka ba ni."



"Ni kuma," ya ci gaba, "kuku ne a soja. Babbar bindigata muciya ce. Kogin nan a mota muka tsallake shi, ina rungume da tukunya. Tabon ƙafata fartanya ce, a gonar gyaɗa, Sale na nan aka yi." Sai ya juyo ya dube ni. "Kai tun kana goye kake cewa matata taka ce, na ƙyale ka. Yau kuma ka taso min da wani."

Dariyar da aka yi har awaki sai da suka firgita. Amma wallahi ba ita ta fi ƙona min rai ba. Abin da tsohuwar nan ta rufe a ƙasan kwalla fiye da shekara hamsin, ga shi a hannun kowa, har ana fifita da shi. Ni na yi mata wannan, don kawai a ce na iya.

Da aka watse na shiga ɗakinta na durƙusa. Ta juyo ta dube ni.

"Na ce maka shi ne?"

"A'a, Inna."

"To kai da aka kai makaranta, ba a koya maka cewa shiru iri-iri ne ba?"

Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe, amma in na ƙara taɓa mata kwalla sai ta karya min hannun nan mai laushi.

Washegari na fara bin gida-gida ina karɓar kalandun in ƙona. Baba ya aika a kira ni. Na same shi a zaure da ƙusa da dutse, yana kafa ɗaya a bango, daidai inda yake zama.

"Baba, a cire. Kuskure ne."

"Bar shi," ya ce. "Tun ranar da kakarka ta tare na san yana cikin kwallar nan. Bai bar ɗa ba, ba mu san inda kabarinsa yake ba. Ya gaji da duhu, bari ya sha iska." Ya gyara kalandar ta miƙe, ya karanta rubutuna a hankali. "Kuma ba ka yi ƙarya duka ba. Da ya dawo, da babu ubanka, babu kai."

Tun daga lokacin, in ɗalibaina suka tambaye ni ina ake samo tarihi, sai in ce su je su zauna da tsofaffinsu, su miƙa kaba har sai an gama igiyar. Kalandar kuwa tana nan a zaure, shekararta ta wuce, ba mai cirewa. Duk baƙon da ya tambayi wane ne a hoton, in dai ina wurin, Baba sai ya nuna ni da sanda ya ce, "Kakan malamin tarihinmu ne. Ku duba hancin."