Yaƙin Hambali a Kan Allon Titi

A ranar Litinin, sha ɗaya ga Mayu 1992, cikin Zulƙida 1412, Hambali ɗan Ilu ɗan Ma'aji Barau, jikan wanda ya fara kafa ginshiƙi a gangaren Kwarin Tsamiya, toron giwan zaure, dodon magatakarda, mai hana masinja gyangyaɗi, ya fito alwala ya tarar an tumɓuke allon da ke ɗauke da sunan kakansa. A gurbinsa majalisar ƙaramar hukuma ta kafa sabo fil: Titin Sagiru Mai Siminti, surukin ciyaman.

"Wallahi sai dai a bisa gawata!" in ji shi, buta a hannu.

Bai kai azahar ba sai da ya ɗaura ɗamara. Ya sayar da bijiminsa ya ɗauki lauya, ya tara rundunar dattawa huɗu, biyu a cikinsu ba sa ji sosai, ya hau Vespa ya doshi kotu. Aka yi arangama ta farko, aka kore shi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a birni, inda aka yi ta ɗage zama har rigarsa ta shadda ta koɗe, har ɗaya daga cikin mayaƙan ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa.

Ranar gwabzawa, lauyansa ya yi ruwan Turanci na sa'a guda, yana cewa duk mai rai a garin ya san Titin Ma'aji Barau kamar sunan mahaifiyarsa. Sannan aka kira Hambali. Ya miƙe cikin haiba da alfarma, ya yi rantsuwa, ya gyara zaman hula.

Alƙali ya ce, "Baba, ina ne gidanka?"

"Ranka ya daɗe, Layin Iya Mai Ƙosai, in ka wuce famfo."

Lauya ya dafe kai. Aka kira dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗi haka, har da kuramen, da ƙarfi. Iya dai wata baƙuwa ce da ta soya ƙosai a bakin layin zamanin sulai, ta rasu tun kafin a zo da naira, ba ta bar ɗa ba balle fili.

Duk da haka gwarzo ya yi galaba, don majalisa ba ta sanar da jama'a ba kafin ta canja sunan. Aka buga ganga, aka yanka rago.

Ma'aikacin da aka aiko ya mayar da tsohon allo ya yi yini guda a tasha yana tambayar Titin Ma'aji Barau, ba wanda ya taɓa ji. Ya koma da shi ofis. Allon yana can bayan kabad, kuma katin ɗaurin auren 'yar Hambali da aka buga bara cewa ya yi Layin Iya Mai Ƙosai.