Rasuwar Mai Zuwa, Katakon da Jita-jita Ta Cinye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kaina a ɗage, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da dukan masu zaman bencin ƙofar shagonmu rasuwar abokin aikina, Mai Zuwa, wanda ya rabe gida biyu ranar Talata da hantsi a kan teburin yanka, bayan jinya ta wata bakwai.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, katako ne. Wata bakwai da suka wuce labari ya fara yawo a waya cewa wani kamfani zai fito da sabuwar kwamfutar hannu, irin shafaffiyar nan da ta fi waya girma, gilashi ne fuskarta baki ɗaya. Babu wanda ya gan ta, kamfanin ma bai ce uffan ba. Ni kuwa ɗinkin jaka nake yi a shagon Yayana, sai na yi tunani: duk ranar da ta fito tsirara za ta fito, kuma wanda ya riga kowa ɗinka mata riga shi ne da kasuwa. Riga ba ta ɗinkuwa sai da awo. Na kwashi awon da ake ta yaɗawa, inci goma da rabi a tsaye, bakwai a kwance, na kai wa kafintan bayan layinmu ya yanko mini. Na shafa masa baƙin fenti a fuska, na huda masa idon kamara, na raɗa masa suna. Haka aka haifi Mai Zuwa.

A ranar Yaya ya nuna mini tsohon keken ɗinkin da ke lungu, ya ce, “Ka riƙe shi har ranar da abar taka za ta fito. In ta fito rigarka ba ta shige ta ba, ka tattara ka tafi wajen Kawu lodin siminti. Na gaji da sana'a bakwai a shekara.” Ba ƙarya ya yi mini ba. Tun da na bar makaranta na taɓa wanki da guga, na taɓa facin taya, na taɓa tallar gilashin ido, babu inda na cika wata uku. A gaban keken nan ne kaɗai na zauna wata bakwai ƙafata ba ta yi mini ƙaiƙayin tafiya ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa tsayawa cak ana cikin aiki ba. Ya faɗi ƙasa ya fi sau ashirin, bai nemi a canja masa gilashi ba. Na sha barin sa a kan benci in tafi cin abinci, in dawo in same shi inda na ajiye, abin da wayar kowa a layin nan ba za ta iya ba. Maganarsa ɗaya ce duk rayuwarsa: in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce ƙwas, ƙwas, ya yi shiru.

Ya sha wuya a hannun masana. Mai gyaran wayar da ke kusa da mu, wanda muke kira Injiniya, shi ya fara yanke wa kwamfutar hukunci. “Waya ce ta kumbura,” in ji shi. “Ba ta shiga aljihu, ba ta da madannai, batirinta ba zai kai azahar ba.” Mai aski ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi za ta riƙa zafi har a soya ƙwai a bayanta. Na tambayi Injiniya ko ya taɓa riƙe ta. Ya ce, “Kai yaro, sai na taɓa wuta zan san tana ƙuna?” Da yake ita ba su da inda za su gan ta, sai suka huce a kan katakona. Sun yi fifita da shi, sun ɗora masa kofin shayi, mai aski har kara shi ya yi a kunne yana kiran surukarsa, benci ya kwashe da dariya. Ban yi mamaki ba. Bencin nan ne ya gama rubuta tarihina ranar da na dawo gida da jakar makaranta ban koma ba. Sun saba yi wa abu jana'iza tun bai iso ba.

Amma tunda sanarwar rasuwa ba wurin ƙarya ba ce, zan faɗi abin da ya kashe shi. A wata na biyu aka ce kwamfutar ba za ta kai haka kauri ba, na kai shi aka kankare. Aka ce kamarar a hagu take, na huda hagu. Aka ce a'a, an ga hoto, a dama take, na huda dama. Aka ce kusurwoyinta a lanƙwashe suke, na bi su da sanfefa. Aka ce tana da alƙalami a gefe, na fafe masa ciki. Kafinta ya gargaɗe ni, ya ce, “Ɗan'uwa, katako ana rage shi, ba a ƙara shi.” Ban ji ba. Su sun zage ta a kan jita-jita, ni na kankare shi a kan jita-jita, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, sai dai ni da kayan aiki a hannu na shiga. Ranar Talata wani ya rubuta cewa ba za ta fi murfin littafi kauri ba. Ina cikin goga shi ya ce ƙas. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe.

Ya rasu ya bar riguna goma sha ɗaya, kowace jita-jita da tata, kowace da awonta. Duk suna raye, kuma duk suna aiki. Ta huɗu tana wajen Injiniya, a ciki yake zuba ƙananan sukundireba, ya ce aro ya yi, yau wata uku ke nan. Ta bakwai tana wajen mai aski cike da almakashi da mataji. Umma ta ɗauki ta biyu tana sa katin asibiti a ciki. Ta tara kuwa, mai zif ɗin ƙarfe, ita ce Yaya yake rataye da ita kullum, kuma da kunnena na ji wata mata ta tambaye shi inda ya saya, ya gyara tsayuwa ya ce, “Aikin shagonmu ne.”

Duk da haka, gawar ba ta huce ba Yaya ya leƙo ya ce, “To, an gama. Asabar a ɗauke keken nan, Kawu yana jiranka.” Yaya, da girmanka da komai, a nan zan amsa, tunda a gaban idonka bakina nauyi yake yi. Ba haka muka yi ba. Cewa ka yi har ranar da za ta fito, kuma ba ta fito ba. Abin da ya mutu katako ne. Wataƙila in ta zo ta zama shirme yadda Injiniya ya ce, wataƙila rigata ta yi mata yawa. Ranar zan ɗauki jakata da hannuna in tafi lodin siminti, ba sai an raka ni ba. Kafin ranar kuwa, babu wanda ya isa ya ce ta faɗi, kuma babu wanda ya isa ya ce na faɗi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a lungun shago. Ba na neman addu'a ga katako, na san iyakata. Kowa ya san keken nan ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa, tun zamanin Baba yake rawa in ana ɗinki. Na gwada, ɓarin marigayin guda biyu in aka ɗora su a kan juna sun cike gurbin cif. Bayan wata bakwai ana kankara, wannan ne awon farko da ya zo masa daidai, don haka a nan zai kwanta. Mai son ɗauke keken sai ya ɗaga shi daga kan kabari a gaban jama'a.

Ana roƙon Injiniya, mai aski, Umma da Yaya su zo da marayun da ke hannunsu. Ba karɓewa zan yi ba, so nake kawai a jera su a kan tebur kowa ya ga ɗinkin. Kafinta ya riga ya yanko magaji, mai kauri kamar ƙofa, kuma ba zan taɓa shi da sanfefa ba sai na ga kwamfutar da idona.

Za a karɓi gaisuwa a gaban keken, ina kan aiki. Masu zuwa su ce dama sun faɗa, su daure su ɗaga murya, don yanzu da keken ya daina rawa gudu nake yi da shi.