Ni da Radiyater da Surukaina a Hanyar Yauri

Ko zan manta ranar da na kama aiki, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, da na tsaya a hanyar Yauri gaban surukaina, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, a Matameye, yara da iyayensu duk Mushe suke ce mini, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. Ciwona ɗaya ne a duniya: bakina bai iya cewa "ban sani ba". Shekara goma sha ina tsaye gaban allo ana ɗaga mini hannu, har na ɗauka babu abin da Allah ya halitta wanda ba zan iya bayaninsa ba.

Ina da wata tsohuwar kat-kat, mai jan ƙafa huɗun nan, da na saya a gwanjo. Ta girmi aurena, ta girmi aikina. Rairayi dai ba ya ba ta tsoro, amma radiyater ɗinta (tankin ruwan nan na gaban inji mai sanyaya shi, wanda masu zuwa Kano ke ce wa lagireto) ya zama rariya. Direbobin tasha suka ce in zuba garin taba, na zuba. Suka ce in fasa ƙwai a ciki, na fasa. Motar ta ci taba, ta ci ƙwai, ta ci gaba da yoyonta.

Sai ga maganar ɗaurin aure ta taso. Surukina Alhaji, mahaifin matata Rabi, shi ne wakilin ango, ɗan ƙaninsa, kuma za a ɗaura a Yauri, wani gari nan kusa da mu, ƙarfe sha ɗaya na safiyar Asabar. Alhaji mutum ne mara yawan magana. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba, bai taɓa ganin kaina babu hula ba. Amma na daɗe ina jin a jikina cewa kallon mai surutu yake mini. Ɗaya surukin nasa kowane rani sai ya tafi Legas ya dawo da abin nunawa, ni kuwa sai dai in zo in durƙusa in yi masa bayanin siyasar duniya. Don haka da na ji ya ce za su bi motar tasha, sai bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Haba Baba, ina da mota a garin nan za ku shiga ta haya? Ni zan kai ku."

Ya dube ni ya ce, "Motar taka za ta kai, Mushe? Ka san in ban je ba, ba a ɗaurawa."

Na ce, "Sabon radiyater zan sa mata. Ku sa a ranku kun isa."

Na aika Damagaram aka kawo mini sabo. Na kai wa Sallau mai garaji, wanda tun da na sayi motar shi ke fama da ita. Kuskurena shi ne kafin in je na kalli bidiyo uku a waya. Sallau na kwance ƙarƙashin wata mota ina tsaye ina gaya masa wane tiyo ake fara cirewa. Ya leƙo da kai ya ce, "Mushe, don Allah riƙe allinka, ka bar mana ƙarfe."

A gaban mutane fa ya faɗa. Raina ya ɓaci sosai. Na ɗauki radiyater ɗina na ce masa zai gani.

Ranar Alhamis da la'asar na buɗe kapo, wato murfin inji, a ƙofar gida. Kuma a gaskiya (a bar ni in yabi kaina sau ɗaya a labarin nan) na cire tsohon lafiya lau. Sai magariba ta kama ni, tiyo biyu na nan baki buɗe, na sama da na ƙasa. Na tuna Sallau ba ya barin tiyo haka ya kwana, sai ya toshe shi da tsumma saboda rairayi da zanzaro, don zanzaron Matameye ko kunnenka ka bari a buɗe sai ya yi gini. Na duba babu tsumma. A kan igiyar shanya kuwa ga wani tsohon gajeren wandona na ciki, wanda Rabi ta ɗinka mini da ragowar wata atamfa, koriya shar mai zanen zabbi rawaya. Wando ne da tsakanina da shi sai Allah sai Rabi. Dama ya fara yagewa a tsakiya, sai na ƙarasa shi, ya rabu ƙafa biyu. Na cusa ɗaya a tiyon ƙasa, ɗaya a na sama, na tura ta can ciki da tsinken ƙarfe don aiki ya yi kyau.

Juma'a bayan masallaci na dawo ɗaurawa. Na zaro ƙafar da ke tiyon ƙasa, na jefa ta aljihun ƙofar mota, na ce ta yi goge gilashi. Kafin in kai ga na sama, maƙwabta sun taru kallo. To, ni da ganin mutum uku a tsaye, aji ya cika. Na shiga bayanin yadda ruwa ke zagaya inji, hannu na aiki baki na aiki, na kama tiyon sama na soka a wuyan radiyater na ɗaure tamau. Na cika ruwa, na tayar da inji minti biyu, ko ɗigo bai zuba ba. Aka ce, "Kai, Mushe!" Na ce ai ilimi ne kawai.

Rabi ta ce, "Da ka kai wa Sallau ya ɗan duba."

Na ce, "Sallau wace lekol ya yi?"

Safiyar Asabar na ɗauko su. Alhaji a gaba cikin babbar riga ta shadda da rawani, goro da alawa a baya, Hajiya surukata kusa da su, don ita 'yar Yauri ce, za ta gaida dangi. Na bi ta bakin tasha da gangan, na yi wa garajin Sallau oda sau biyu.

Mun bar gari ba da nisa ba na ga allurar zafi ta fara hawa. Na ce a raina tsufa ne, allurar ce ta rikice. Ta ƙara hawa. Na ɗora hannu a wurin don kar Alhaji ya gani (kamar in bai gani ba injin zai huce).

Alhaji ya ce, "Mushe, kamar ana toya wani abu."

Na ce, "Sabon kaya ne Baba, haka yake wari."

Ban rufe baki ba tururi ya turnuƙe gilashi. Na lallaɓa ƙarƙashin wani gawo na kashe. Ƙarfe goma da 'yan mintoci. Wayar Alhaji ta fara ƙara: jama'a sun taru, kuma liman yana da wani ɗaurin auren a wani ƙauye kafin azahar, ba zai jira ba. Auren mutane ne a hannuna, da mutuncin dattijon da bai taɓa makara a sha'ani ba.

Na zaro tsumman nan daga aljihun ƙofa don kar ƙarfe ya ƙone ni, na ɗaga kapo, na tsaya ina kaɗa kai irin na masana. Ban ga komai ba sai tururi. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce a hankali, "Mushe, a kira mai abin."

Na kira Sallau. Ban taɓa jin sallama ta yi mini nauyi a baki kamar ta ranar ba. Ya ce, "Kuna ina?" Can sai ga shi a kan babur. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya gaida Hajiya, ni ko kallo ban samu ba. Ya jira injin ya ɗan huce, ya taɓa radiyater ya ji shi da sanyi, ya matsa tiyon sama ya ji shi tauri kamar rogo.

Ya ce, "Ruwa ba ya wucewa. Akwai abin da ya tare."

A daidai lokacin na tuna. Wallahi ƙafar wandon da ke tiyon sama ban cire ta ba.

Ya kwance tiyon, ya zura filaya, ya fara jawowa. Abu na fitowa, na fitowa, kamar ana jan hanjin rago. Alhaji da Hajiya duk sun sauko sun matso. Da a ce Sallau mai tausayi ne da ya yar a ƙasa. Sai ya matse, ya yarfe, ya ware shi da hannu biyu ya ɗaga sama yadda kowa zai gani: ƙafar wando guda, da rabin ƙugu, har da gidan zariya, zabbi rawaya na tururi.

Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai malamin ya motsa. Na ce, "Kun ga mutanen Damagaram ko? Dubi abin da suke cusa wa mutane a cikin kaya!"

Hajiya ta ƙara matsowa ta ƙura ido. Ta ce, "Ikon Allah. Har can akwai irinta? Sak atamfar da na ba yarinyar nan lokacin suna." (Rabi ce 'yar farinta, ba ta faɗin sunanta.) Sai idonta ya sauka a hannuna. Na bi idon nata. Ashe tun ɗazu da ɗaya ƙafar nake share zufar fuskata.

Sallau ya miƙo hannu cikin ladabi ya ce, "Mushe, kawo 'yar'uwar mu haɗa, ko a samu na sawa."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, ta koma mota. Alhaji ya juya baya yana kallon karan gero, ya ja bakin rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa sai rawa suke. Shekara bakwai ina ɓoye wa mutumin nan ko cin goro, yau ga wandona na ciki a rataye gabansa, dafaffe.

Sallau ya mayar da tiyo, ya cika ruwa daga jarkata, motar ta tashi kamar ba ita ba. Ya biyo mu a baya har Yauri, wai ko akwai riga a ciki. Mun tarar liman ya sa takalmi ƙafa ɗaya. Aka zauna, aka ɗaura, aka raba goro. Da aka tambayi Alhaji abin da ya tsare shi, sai ya ce, "Motar ce ta ɗan shaƙe." Bai ƙara ko kalma ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda wannan.

Sallau kam bai rufa mini ba. Ya buga ƙusa a garaji ya rataye ƙafar wandon, har yau in na wuce tasha sai wani direba ya ɗaga murya, "Mushe, yau motar ta sa wando?"

Bayan kwana shida, ranar kasuwa, Rabi ta dawo daga gidansu da ƙunshi a leda, tana cije leɓe. Na buɗe: gajerun wanduna uku, farare tas, babu zane ko ɗaya.

Ta ce, "In ji Baba. Ya ce a gaya wa Mushe waɗannan na jiki ne, motar a bar wa Sallau ya tufatar da ita."

Tun daga ranar na koyi cewa "ban sani ba", kuma na ga ba ta kashe mutum. Kapo kuwa ban ƙara ɗagawa ba sai don zuba ruwa. In kuma dole ta sa ka toshe wani rami da niyyar cirewa gobe, ɗan'uwa, ka zaɓi tsumman da za ka iya amsa cewa naka ne a gaban surukarka.