Ranar da na ƙirga ƙafafu daga dama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa rawani na haye gada zuwa Khartum don in koya wa jami'a aikinta ba.

Ni mai gyaran rediyo ne a Umbadda. Boko kuwa na leƙa na fito (malamin ma bai riƙe sunana ba), amma a liƙin dalma ban san na biyuna ba. To, 'yata Ihsan tana shekarar ƙarshe a karatun injiniya, aka ce kowa ya haɗa abin da zai nuna kafin a ba shi takardar shahadar kammalawa. Ita ta zaɓi na'urar kunna famfon ban-ruwa, irin na gonar kawunta a Jabal Awliya. Ran na'urar wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwa ce mai ƙafafu jere kamar kyankyaso. Zamanin soja ne, ga takunkumi, ba a samunta a kasuwa. Guda ɗaya tak wani ɗan'uwa ya taho mata da ita daga Jidda.

Kafin ƙwaƙwalwar ta yi aiki sai kwamfuta ta zuba mata karatu ta wani ɗan akwati da ni na raɗa wa suna tafinta. Wayoyin tafintan nan za a liƙa wa ƙafafun. Na ga yarinya ta ɗauki ƙarfen dalma, na ce ina, ba a gidana ba. Ta ce ƙafa ta ɗaya tana wajen wani ɗan ɗigo da ke jikin ƙwaƙwalwar, daga nan ake fara ƙirga. Na ce na ji. Ban ji ba. Ɗigon na ɗauka tabon kamfani ne. Na yi bismilla na fara ƙirga daga dama, yadda ake fara karatu da alwala da duk abin kirki. Na gama na naɗe da baƙin tef, na gargaɗe ta kada ta kuskura ta bi bayan aikin ubanta.

Aka jona, kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Ihsan ta canja waya, ta ari wata kwamfutar, ta sake karatun tun daga farko, shiru. Ta ce, Yaba (haka take kirana), abin nan yana zafi fa. Na ce albishir ne, rediyon zamanin da ma sai ya ɗumama yake magana. Na ɗora laifin a kan tafinta, na ce jabu ne, kuma da kaina zan faɗa wa malamarta.

Malamar tata, Duktora, mace ce mai sanyin magana. A gaban ɗalibai ta kwance tef ɗina, ta sa madubin ƙara girma ta daɗe tana dubawa.

"Masha Allah, wa ya yi wannan liƙin? Tsaf da shi."

Jama'a, nan fa na miƙe tsaye. Na ba su tarihina tun daga rediyo mai fitila, har na shawarci samarin su riƙa zuwa rumfata su ga hannu. Ta bar ni na kai aya.

"Ya Hajj, hannu kam akwai. Sai dai kowace waya tana kan ƙafar da ba tata ba. Wuta ta shiga ta inda bai kamata ba, ƙwaƙwalwar ta ƙone."

Ba wanda ya yi dariya, wallahi da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta juya ta tambayi Ihsan ko ba ta duba haɗin ba. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce kuskurenta ne. Ashe tun ranar farko ta zargi wurin, kunyata ce ta hana ta taɓa tef ɗin. Gumi ya jiƙa rawanin nan sharkaf. Na buɗe baki da ƙyar na ce a'a, ni na hana ta.

Duktora ta ciro tata ƙwaƙwalwar daga aljihun tebur ta ba ta aro, da sharaɗin mai neman shahadar ce za ta liƙa. A mota, da muka hau gadar Omdurman, Ihsan sai nuna mini kogin Nilu take kamar baƙo. A gida ta liƙa abinta, ni ina daga gefe ina yi mata fifita, kwamfuta ta gan ta nan take.

Tun daga ranar, in aka ɗaga wani abu aka ce wa ya yi wannan aikin, ba na saurin miƙewa. Sai na ji ƙarshen maganar tukuna.