Koren Ɗigon Zulai

Ba zan taɓa mantawa da makon da na gyara dandalinmu na intanet, na kunyata kaina ba.

Dandalin na tsofaffin ɗaliban makarantarmu ne a Daura, ni ke kula da shi. Nauyinsa ya ishi kowa: ka latsa shafi, ka je ka yi alwala ka dawo, yana nan yana juyi. Ban damu ba sai da Zulai ta rubuta, "Tsohon jaki ya fi wannan dandalin sauri, na kusa barinsa." (Zulai da na daɗe ina so a zuci, ina jiran ranar da idanunmu za su sarƙe, iska ta kaɗa mayafinta, kamar a littafi.)

Na bazama bincike, na gano wata dabara wai ita kash. Maimakon saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da dandalin, ta riƙa dafa wa kowane baƙo sabon shafi, sai ta dafa sau ɗaya ta zuba a kula, kowa ya zo a ɗibar masa. Na kunna ta har kan jerin sunayen mambobi, na manta ban sa mata lokacin sabuntawa ba. Dandali ya koma walƙiya.

Daga ranar, koren ɗigon da ke gefen sunan Zulai, mai nuna mutum yana kan layi, bai sake mutuwa ba. Safe kore, yamma kore, tsakar dare ma kore. Na ce shi ke nan, baiwar Allah ta kasa runtsawa saboda ni.

Ranar walimar auren wani ɗan ajinmu na sha turare, na tare ta a gaban ƙawayenta, na sassauta murya.

"Zulaihat, daina azabtar da kanki. Na ga fitilarki. Ta zuciyata ma ba ta mutuwa."

"Wace fitila kuma, Malam?"

Na nuna mata wayata.

"Ikon Allah! Ni da wayata ta faɗa randa yau kwana uku, tana can cikin buhun shinkafa tana bushewa?"

Ƙawarta Hindatu ta fizge wayar. "Ai ga Malam Buba mai lissafi ma kore. Ga ango ma kore, shi da ke can yana fama da waina hannu biyu. Kai, duk Daura ta kasa barci saboda kai!"

Har ango sai da ya ƙware don dariya. Ashe tsohon jerin ranar farko ne kash ke ta ɗibar wa kowa daga kula.

Zulai ba ta bar dandalin ba, tunda yanzu yana sauri. Ita ce ma ta raɗa mini Mai Fitila, sunan da ya bi ni har masallaci. Abin da na koya shi ne, duk dabarar da Bature ya sa wa suna kash, ya riga ya faɗa maka abin da za ka ce a ƙarshe.