Yadda Na Koya wa Madam Satar Magani

Tun ina saurayi nake dakon buhunan citta, har gwiwoyina suka gaji. Da na ji wani kyamis a Kafanchan yana neman mai kula da sito, na ce aikin nan nawa ne.

Ƙanin matata, malamin makaranta, ya zo wai zai shirya ni. Ya ce za a tambaye ni kan gaskiya da sata, in amsa a gajarce. Na ce, "Ticha, ni da na tsufa a kasuwa za ka koya wa halin ɓarawo? Je ka ji da yaranka."

Ranar intabiyu Madam mai shagon ta ce, "Baba, in ka ga abokin aiki yana sata, me za ka yi?"

Amsar ba ta wuce "zan gaya miki" ba. Amma sai na gyara zama na ce, "Madam, ai sai kin san yadda ake yi tukuna." Na jawo kwalin magani, na buɗe shi ta ƙasa, na zare kati biyu daga tsakiya, na mayar kamar ba a taɓa ba. Na ɗaga wando na soka su cikin safa, na taka har ƙofa na dawo ina murmushi.

Ta daɗe tana kallon ƙafata. Ta ce, "Ajiye. Za mu kira ka."

Ba su kira ba. Ashe wata ma'aikaciyarta da ta ga komai 'yar zumuntar mata ce a cocinmu, labarin ya riga ni isa gida.

Har yau in wani ya ce kansa na ciwo bayan an tashi sujada a coci, sai dattawa su waiwayo: "Likita, ɗaga wandon mu gani."