Gyaran Da Na Yi Wa Kaset Ɗin Baba

Baba yana da wani tsohon kaset na waƙoƙin wasu Turawa masu kaɗa gita. Da rikoda ya ɗauke su daga bakin rediyo, tun yana saurayi a Sabon Gari. Da zai cika shekara saba'in, sai na ce bari in zamanantar masa da su. Lokacin watana uku ina koyon haɗa sauti a Samaru, har coci nake zuwa da hedifon a wuya.

Na juye waƙoƙin a kwamfuta, na ƙara musu ganga mai nauyi. A tsakiyar waƙa ta uku akwai wata hayaniya, kamar mace tana dariya kusa da rikodar. Kwana biyu na yi a kanta kafin na share ta tas.

Ranar bikin na kunna a gaban dangi, na harɗe hannu ina jiran tafi. Da aka zo waƙa ta uku, Baba ya ɗaga yatsa yana murmushi. Wurin da hayaniyar take ya wuce, babu ita.

Ya ce, "Ina Mamarku?"

Ashe dariyar marigayiya ce, ranar da ta fara ganin rawarsa. Duk shekarun nan ba Turawan yake saurare ba.

Allah ya taimake ni, kaset ɗin asali yana jakar yayata Rifkatu. Aka sa, Mama ta yi dariyarta, Baba ya share ido.

Har yau in na shigo ana dariya, sai ya ce, "Ku yi shiru, ga Injiniya nan, kada ya goge ku."